Kwana huɗu a Mararaba, inda Abuja take kwana

Tun ina yaro nake jin ana cewa wane ya tafi Abuja cin rani. Da na fara rubuta kundin digirina na biyu kan ƙaura da tattalin arzikin birane, malamina ya ce kada in zauna a Kano ina ta lissafi a takarda, in tashi in je in ga inda mutanen nan suke sa haƙarƙarinsu. Abin da ya sa ni cikin mota ke nan wata Litinin, ana tsakar zafin bazara.

Muka wuce Zariya, muka ci abinci a Kaduna, da la'asar sai ga Dutsen Zuma. Wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna hanyar Suleja, ya ce wancan garin ne Abuja ta asali, shi ya ba da sunansa ga sabon birnin, aka raɗa masa na Sarki Sulaimanu Barau. A 1976 Janar Murtala Muhammad ya yi dokar kafa birnin tarayya, amma gwamnati ba ta taso daga Legas ba sai Disambar 1991, zamanin Janar Babangida.

Ɗan kawuna ya tarye ni a Zuba. Direba ne a wani ofishi a tsakiyar birni, don haka na ɗauka nan kusa za mu sauka. Sai muka ratsa birnin kaf, tituna masu faɗi, fitilu, dogayen gine-gine, muka fita ta Nyanya, muka tsallaka Mararaba, cikin jihar Nasarawa. Na ce, "Yaya, ai mun bar Abuja." Ya ce, "A can muke aiki, a nan muke kwana. Albashina na shekara ba zai kama mini ɗaki a Wuse ba."

Kashegari kafin kiran assalatu ya tashe ni. Muna sallame asuba muka fito bakin titi, kuma abin da na gani ba zan manta da shi ba. Mutane ne maƙil a gefen hanya cikin duhu-duhu: ma'aikata da jakunkuna, birkiloli da kayan aiki a buhu, 'yan mata masu shara a ofisoshi, 'yan makaranta suna gyangyaɗi a tsaye. Duk fuska ɗaya suka nufa. Masu motar kansu ma suna tsayawa su ɗauki fasinja don su rage kuɗin mai, kuma Yaya ya ce tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 abin ya zama ruwan dare. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, gosulo ya cinye mana kusan awa biyu a kanta.

A cikin wannan gosulon na fahimci abin da na daɗe ina karantawa. Inda ma'aikatu da kwangila suka taru, nan kuɗi ke zagayawa, kuma kowane babban ma'aikaci yana jawo wasu a bayansa: mai gadi, direba, mai wanki, mai shayi. Amma taruwar nan ita ce ke tsauwala kuɗin fili da haya, sai birni ya kira talaka da rana, ya kore shi da dare. Ƙidayar 1991 ta sami mutum ƙasa da 400,000 a yankin birnin tarayya, ta 2006 kuwa kimanin miliyan 1.4. Kuma duk wannan ba a sa Mararaba da Masaka da Madalla da Suleja ba, domin a takarda na Nasarawa da Neja ne. Ita kanta Nyanya sansanin leburorin da suka gina birnin ce tun farko. Da aka yi rusau a unguwannin cikin gari, aka kuma hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, jama'a da yawa nan gefe suka kwararo.

Abin ya tsaya mini a rai. Gumin mutanen nan Abuja yake ginawa, amma makarantar 'ya'yansu da magudanar ruwansu da sharar unguwarsu, duk a wuyan ƙaramar hukumar Karu suke, wadda Mararaba take cikinta. A layin da na sauka babu ruwan famfo, 'yan ga-ruwa ne ke turo kura da jarkoki, wasunsu daga Nijar. A gaban idona kuma matan Gbagyi, waɗanda kakanninsu ne masu ƙasar, suke wucewa da itace a kafaɗa, kamar yadda al'adarsu take, ta tsakanin gidajen hayar da suka cinye gonaki.

Dare uku na yi a teburin wani mai shayi, mutumin yammacin Katsina. Na ce, "Baba, yaushe za a koma gida? Ga damina ta ƙarato." Ya daɗe yana juya shayi kafin ya amsa. Ya ce a da, da an ga hadari ya fara haɗuwa yake rufe tebur ya tafi ya yi shuka, sai bayan girbi ya dawo. Yanzu gonarsa tana cikin dajin da 'yan bindiga suka hana shiga, iyalinsa ma sun koma cikin gari wurin dangi. Duk Juma'a yakan je wurin mai POS ya tura musu na hatsi. "Ɗana," ya ce, "in za ka rubuta, kada ka rubuta cin rani. Mai cin rani yana da ranar komawa."

A takardar tambayoyin da na zo da ita akwai layin da ke cewa: wane wata kake komawa gida? Daren nan na zauna a ɗakin Yaya da fitilar waya na soke shi, na rubuta wani a madadinsa.

Ranar Juma'a na dawo Zuba neman motar Kano. Tasha ta cika da samari masu komawa noma, an ɗaure buhunan taki da katifu da wani sabon babur a bayan mota. Wanda ya zauna kusa da ni ɗan Jigawa ne, mai wankin takalmi. Ya ce gero kawai zai shuka ya bar wa ƙanensa noman, shi kuma ya juyo, don kada wani ya gaje masa wurin zamansa a bakin masallaci.