Buta, famfo da 'yan aji uku

Talata, Jidda.

Yau aka yi abin da muka shafe zangon nan muna ja-in-ja a kansa a sashenmu na zane da tsarawa. Aiki ɗaya tak muka ba ɗalibai, tun daga 'yan aji ɗaya har 'yan aji huɗu: kowace ta tsara alamar da za ta nuna wa mahajjaci wajen alwala, ba tare da harafi ko ɗaya ba, don mai kallon ba ya karanta Larabci, ba ya karanta Turanci. Makon jiya suka miƙa, yau muka zauna a kai. Mu huɗu ne: ni, shugabar sashe, Doktora 'yar Masar da ke koyar da zane a kwamfuta, sai wata baƙuwa daga wani kamfanin talla da aka gayyato don a samu idon waje.

Abin da ya jawo wannan shi ne hukumar tantance ingancin manyan makarantu ta ƙasar nan Saudiyya, NCAAA, tana son kowane sashe ya kawo hujjar cewa ɗalibi na ƙaruwa a abu uku: sani da fahimta, ƙwarewa, da ɗabi'ar aiki da ɗaukar nauyi. Tambayar ta yi daidai. Amsar da muka saba bayarwa ce ba ta taɓa kwanta mini ba. Mukan kwaso makin kowane aji, mu fitar da matsakaici, mu jera, mu sa hannu. A tsarin maki na nan 60 ne tsallakewa, 95 zuwa sama shi ne ƙololuwa. To yarinya ta ci 85 a aji ɗaya, ta sake cin 85 a aji huɗu. Ta tsaya cak ke nan? Ko kusa. Mudun ne ake canzawa duk shekara. Na aji ɗaya yana auna ko ta iya jan layi da haɗa launi, na aji huɗu yana auna abin da ya ninka wannan. Lambar iri ɗaya ce, amma ba abu ɗaya ta auna ba.

Shi ya sa muka ce yau mudu ɗaya za a yi wa kowa. An rufe sunaye da ajujuwa, an sa lamba a bayan kowace takarda, an cakuɗa su. Takardar awonmu gida huɗu ce: fahimtar matsalar, dabarar da aka fito da ita, tsabtar aiki, sai bayanin da ɗalibar ta rubuta a 'yar takarda daban.

Abu na farko da na nace a yi shi ne a fitar da aikin daga kan tebur. Alama ba a tafin hannu ake kallonta ba. Muka liƙa su a ƙarshen doguwar barandar bene na biyu, muka ja da baya har bakin matakala. Nan aka fara jin kunya. Waɗanda suka fi ɗaukar ido a kan tebur, masu siraran layuka da launi mai narkewa daga shuɗi zuwa kore, daga nesa sai suka koma tabo kawai. Wata takarda da Doktora ta ture gefe tun da safe, wai kamar aikin 'yar firamare, ita ce ta fi fitowa: buta ce baƙa ƙirin da aka zana da katon alƙalamin maka, bakinta a karkace, ruwa na zuba. Har gurbin da alƙalamin ya fara ƙarewa ana gani a jikin marikin.

Baƙuwarmu ta ce bari mu yi wasa: kowa ta rubuta ajin da take zaton kowane aiki ya fito kafin a buɗe. 'Yan aji ɗaya ba su da wuyar ganewa, hannu bai faɗa ba tukuna. 'Yan aji biyu ma haka, an ga sun fara jin tsoron ma'auni, komai a tsakiya, komai a daidaice. Amma 'yan aji uku ko makaho ya shafa ya gane su, domin kusan duka abu ɗaya suka yi: ɗigon ruwa a cikin siffar mihrabi. Sumul, tas, kamar tambarin kamfanin turare. A shekara ta uku ne suke ƙwarewa a Illustrator, manhajar zane a kwamfuta, a nan ne kuma suke tarewa a Pinterest da Behance, shafukan intanet da ake kallon zanen wasu, yanzu ga manhajojin da ke zana wa mutum hoto in ya rubuta musu jimla biyu. Hannu ya goge, amma kowa rijiya ɗaya take ɗiba.

A nan muka yi ta da Doktora. Ta ba yawancinsu maki mai tsoka a gidan tsabtar aiki, kuma ba ta yi zalunci ba, aikin da tsabta. Na ce mata, Doktora, gidan farko fa? Wa ya ce ɗigo a cikin mihrabi yana nufin alwala? Me zai hana tsoho daga ƙauye ya ɗauka wajen shan Zamzam ne? Ta ce ai alama sabo ce, in aka daɗe ana gani za a gane. Gaskiya ne a filin jirgi, inda mutum ke wucewa sau da yawa a rayuwarsa. Amma a 2023 da 2024 mahajjata sun haura miliyan 1.8 kowace shekara, kuma da yawansu zuwan farko ne, shi ne kuma na ƙarshe. Babu lokacin sabo. Mutum ya matsu, lokacin salla ya gabato, tantunan Mina duk farare ne iri ɗaya, ko dai ya gane a kallon farko ko ya wuce.

Wannan ba sabuwar matsala ba ce, kuma muna koyar da tarihinta a aji biyu. Gasar Olamfik ta Tokyo a 1964 ta yi amfani da alamomin hoto saboda baƙin da ba sa karanta Japananci. Otl Aicher, mai zane ɗan Jamus, ya tsara na gasar Munich a 1972 a kan layuka masu ƙayyadaddun kusurwoyi. Ma'aikatar sufuri ta Amurka ta fitar da alamomi 34 a 1974, aka ƙara suka kai 50 a 1979, su ne kakannin yawancin abin da muke gani a tashoshi yau. Akwai ma ƙa'idar duniya, ISO 9186, wadda gundarinta shi ne a nuna wa mutanen gari alama a tambaye su me suka fahimta. 'Yan aji uku duk sun ci jarrabawar wannan darasi bara. Da aka zo aiki, ba mu ga alamar ɗayarsu ta tambayi kowa ba.

Bayan Azahar muka buɗe takardun bayani, a nan ne 'yan aji huɗu suka raba gari da sauran. Zanensu bai fi na 'yan aji uku sheƙi ba, wasu ma bai kai ba. Amma wata ta cika shafi da tambayoyi kafin ta ja layi ko ɗaya: da dare za a gani ko da rana, a wane tsayi za a rataye tunda cunkoso na rufe duk abin da ke ƙasa da kai, na maza ne ko na mata, kore zai rikice da koren fitilun da ke tsakanin Safa da Marwa ko a'a. Ta rubuta cewa ta fara da buta ta watsar, domin ba kowace ƙasa ake alwala da buta ba. Abin da ta tsaya a kai: hannaye biyu a ƙarƙashin famfo, an naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Wannan naɗin rigar shi ne ya raba shi da wajen wanke hannu kawai. Na daɗe ina kallonsa.

Ga ci gaban da teburin makinmu bai taɓa nunawa ba. 'Yar aji ɗaya, mai butar nan, ta zana wa kakarta, 'yar aji huɗu ta zana wa kakar wata da ba ta taɓa gani ba. Kuma ba a takardar ƙarshe ake ganin wannan ba, sai a abin da ɗaliba ta tambaya da abin da ta zubar. Mu kuwa takardar ƙarshe kaɗai muke karɓa, littafin gwaje-gwajen zane ya koma gida a jaka.

Da aka buɗe sunaye, mai butar ta zama wata 'yar Makka da iyayenta Hausawa ne, wadda in mun haɗu a baranda takan rage murya ta ce, "Malama, ina wuni," sannan ta koma Larabci da ƙawayenta. Na ji daɗin rufe sunayen da aka yi, ba mai cewa na ja ta.

Shugabar sashe ta so a rubuta a rahoto cewa sakamakon ya tabbatar ɗalibai na ƙaruwa daga aji zuwa aji. Na ce a yi hattara. Mutum daban-daban muka gwada yau, ba mutum ɗaya a shekaru huɗu ba. Waɗanda abin ya fi ƙarfinsu sun canza sashe tun aji biyu, don haka 'yan aji huɗu tatattu ne. Malaman da suka koyar da su a farko ma ba su ne suka koyar da 'yan bana ba. In ana son hujja ta gaske, a buɗe wa kowace ɗaliba kundi tun makonta na farko, a ajiye aikinta har da wanda ta watsar, a sake ba ta wannan aikin a ƙarshen kowace shekara. Masu koyar da rubutun Larabci na gargajiya sun riga mu: malami ɗaya ke duba rubutun ɗalibi shekara da shekaru, yana gyara masa da jan tawada, kafin ya ba shi ijaza ya yarje masa sa hannu a ƙasan aikinsa. Shugaba ta ce ina za a ajiye kundayen. Na ce a ɗauki hoto a zuba a kwamfutar sashe. Ta ce in rubuto.

Na biya na sayi tamis da ful, wato gurasa da wake, na iso gida bayan Magariba. Goggo ta zo daga Makka tun shekaranjiya don ganin likitan ido. Ta tsufa a wajen Shara Mansur, ta yi wa alhazan Najeriya da Nijar abinci shekaru masu yawa, ba ta karanta boko, Larabcinta na kasuwa ne. Na buɗe wayata na ce, "Goggo, in kin ga wannan a bango, me za ki ce?"

Ɗigon cikin mihrabi ta kawo kusa da fuska, ta nisanta, ta ce, "Maganin ido ne? Irin wanda aka ba ni?" Na nuna butar. Ko daƙiƙa ba ta yi ba: "Alwala mana, 'yar nan." Na nuna hannaye da famfo. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Wannan ma alwala zai yi, ga shi ya naɗe riga. Amma ina wajen zama? Tsoho ba ya wanke ƙafa a tsaye." Babu ɗaya daga cikinmu huɗu da ta yi tunanin dakalin zama, alhali kusan duk wajen alwalar masallatan ƙasar nan da shi.

Mutum ɗaya ba gwaji ba ne, kuma Goggo 'yar gidan buta ce, dole ta gane ta. Sai an nuna wa 'yar Indonesiya da 'yar Turkiyya da 'yar Pakistan kafin a ce wani abu. A takardar da zan miƙa wa shugaba gobe na ƙara layi ɗaya: daga zango mai zuwa, ba a karɓar aikin alama daga kowane aji sai da amsoshin mutanen da aka nuna wa, kuma kada su zama 'yan ajinsu. Doktora ta turo saƙon murya tana son mu sake duba makin 'yan aji uku kafin a shigar ranar Alhamis. Na ce mata to, amma a baranda za mu duba, daga bakin matakala.