Lahadi a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Hamburg

Yau bayan azahar na je Lohsepark, a unguwar HafenCity ta Hamburg. Ko'ina sabbin benaye ne, yara na wasa a kan ciyawa. A tsakiyar wannan lambun ne ragowar tashar jirgin ƙasa ta Hannoverscher Bahnhof take, wadda aka mayar wurin tunawa a 2017. Daga nan gwamnatin Nazi ta kwashi mutum fiye da 8,000, Yahudawa da Sinti da Roma (Sinti da Roma wasu tsirarun ƙabilu ne na Turai), tsakanin 1940 da 1945.

Na bi wata doguwar hanya da aka yi a inda layin dogo ya bi a da, har na iso guntun dandamalin da ya rage. An jera alluna ɗauke da sunayen waɗanda aka kwasa. Nan na daɗe. Sai ka ga sunan gida ɗaya ya maimaitu sau da yawa, ka gane zuri'a guda aka tattara, tsofaffi da jarirai. Wallahi zuciyata ta yi nauyi.

Ranar 16 ga Mayu 1940 'yan sanda suka bi gidajen Sinti da Roma a Hamburg da garuruwan arewacin Jamus. Aka tsare su a wani rumbun ajiyar 'ya'yan itatuwa a tashar jiragen ruwa, ranar 20 ga wata aka loda kusan mutum 1,000 zuwa sansanin aikin dole na Belzec a Foland. Da yawa yunwa da cuta suka kashe su. A Maris 1943 wani jirgin ƙasa ya tashi da wasu zuwa sansanin kisa na Auschwitz.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1956 babbar kotun tarayyar Jamus ta Yamma ta ce wai korar da aka yi wa Sinti da Roma kafin 1943 ba don ƙabilarsu ba ce, matakin tsaro ne. Da wannan hukuncin aka hana mutane da yawa diyya, mutanen da suka binne 'ya'yansu a can. Sai da 'yan Sinti suka yi yajin cin abinci a tsohon sansanin 'yan Nazi na Dachau a 1980, sannan a 1982 shugaban gwamnati Helmut Schmidt ya amince kisan ƙare dangi ne aka yi musu. Kusan shekara 40 ke nan bayan yaƙin, tsofaffi da dama sun mutu ba su ji wannan maganar ba.

Gobe da safe akwai aiki. In Allah Ya yarda, ranar hutu mai zuwa zan kawo yarana su karanta sunayen da kansu.