Na kwana gidan gwauruwar Zarefat a Daura

Shekaranjiya na dawo Wusasa, har yanzu hankalina yana Daura. Sunan 'yar ƙanina ne ya kai ni. Daga Zariya zuwa Kano babu abin faɗi, sai dai a tasha aka zare mini jakar kuɗi bayan na biya kuɗin mota, ban ankara ba sai da muka wuce Kazaure. Ga mota ta lalace a hanya. Muka shiga Daura bayan isha'i, wayata ta mutu, lambar ƙanina kuwa tana cikinta. Na roƙi wani mai caji, ya dube ni sama da ƙasa ya ce in babu kuɗi in matsa. A Wusasa yaro sa'an ɗana ba zai faɗa mini haka ba.

Wata tsohuwa mai ƙosai tana kwashe kayanta ta ce, "'Yata, lafiya?" Na gaya mata. Ta kalli zanen Zumuntar Mata ta coci da ke jikina, ta san ko ni wace ce, ta ce, "Baƙonka annabinka. Ɗauko mini kaskon nan mu je."

Ɗakinta ɗaya, ita da jikanta, mijinta ya rasu. Ina ji tana kankare gindin kwarya don garin ya kai mu uku. Tuwon gero ne da miyar kuka, babu nama, ta tura mini malmala babba. Na ce, "Iya, gobe fa?" Ta ce, "Gobe ta Allah ce." Ita ta yi bismillah, ni na yi addu'ata, muka sa hannu a kwano ɗaya.

Daren nan barci ya ƙi zuwa, sai 1 Sarakuna 17 ke yi mini yawo a rai, labarin gwauruwar Zarefat da ta ciyar da Annabi Iliya lokacin fari da ɗan gari da man da suka rage mata. Na sha koyar da wannan sura, amma sai a kan tabarmar Iya na lura ba a ce tulun gwauruwar ya cika ba. An ce garin bai ƙare ba, man ma bai ƙare ba, har aka yi ruwa. Kullum tafin hannu guda. Haka manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa shekara 40 a jeji: wanda ya ɓoye na gobe, ya yi tsutsa ya yi wari, sai na Asabar kaɗai. Kuma matar da ta ciyar da Iliya ba Ba'isra'iliya ba ce, mutuniyar ƙasar Sidon ce. Da Yesu ya tuna wa mutanen Nazarat wannan a Luka 4, fushi suka yi har suka so jefa shi daga kan dutse. Yana damuna yadda a wa'azinmu mu'ujiza ta koma mota da gidan bene, alhali a Littafi Mai Tsarki sau da yawa abincin yini ɗaya ce, a hannun wanda ba ka zata ba.

Da safe jikanta ya kai wayar gidan maƙwabta, ƙanina ya zo. An yi suna lafiya. Na leƙa rijiyar Kusugu na sha ruwanta. Furar Daura ta fi tamu arha da yaji.

Kafin in taso na kai wa Iya gero tiya biyu. Sai da na ce na yaron ne ta karɓa.