Kafin ka roƙi farfesa ya duba kundinka

Ƙannenmu da ke karatun digiri na biyu ko na digirgir a Jami'ar Legas da ke Akoka, ko ta jiha da ke Ojo, akwai abin da ke cinye wa ɗalibi zango guda ba tare da ya faɗi jarrabawa ba. Shi ne rashin sanin yadda ake roƙon malami ya shiga cikin masu duba kundi.

A Amurka ɗalibi ne ke haɗa kwamitinsa, yawanci mutum uku zuwa biyar, da shawarar babban malaminsa, wato mai duba aikinsa na farko. A nan gida sashe ne ke naɗawa, makarantar gaba da digirin farko ta amince. Inda kake da ta cewa shi ne mai duba aiki na biyu. Mai jarrabawa na waje kuwa, wanda ake gayyatowa daga wata jami'a ranar kare kundi, ba huruminka ba ne. Ko sunansa ya faɗo maka a kunne, kada ka neme shi.

Inda da yawanmu muka yi tuntuɓe shi ne zuwa wurin farfesa na biyu kafin babban malami ya sani. Kai baƙo ne a sashen, ba ka san wa ke ga maciji da wa ba. Ko babu gaba, akwai saɓanin hanya: wannan bai yarda da bincike ba sai da takardar tambayoyi da alƙaluma, wancan yana ganin hira da mutane ce ke fito da gaskiya. Ka haɗa su, ɗaya ya ce cire babi na uku, ɗaya ya ce mayar, kai kana tsakiya kana biyan kuɗin makaranta. Don haka ka je wurin babban malaminka da sunaye biyu ko uku, ka ce: “Ranka ya daɗe, babin nan yana buƙatar wanda ya ƙware a ƙididdiga, wa kake gani ya dace?” In ka ambaci suna ya ce “to, mu gani” ya mayar da ido kan takardunsa, ya ba ka amsa. Wuce zuwa na gaba.

Sannan ka bincika ko mutumin zai samu. Farfesa a jami'o'in Najeriya yana ritaya yana da shekara 70, wani kuma yana dab da tafiya hutun sabatikal na shekara guda. Wanda aka ba shugabancin tsangaya, taro kan cinye masa mako. Tambayi ɗaliban da ke gabanka: in an kai masa babi, mako nawa yake yi kafin ya dawo? A ganina, babban lakcara mai mayar da aiki cikin mako uku ya fi shahararren farfesan da sai a jarida ake ganinsa. Ka kuma bar sarari a jadawalinka, domin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 kaɗai ya ci wata takwas.

Imel ɗin da za ka tura wa malamin da ka zaɓa kada ya wuce abin da za a karanta a waya cikin cunkoson gadar Third Mainland. Doguwar gaisuwarmu ta gida, ina gajiya, ina iyali, bar ta sai kun haɗu. Faɗi sunanka da sashenka, batun bincikenka cikin jimla biyu, da maƙalarsa guda da ka karanta da gaske da inda ta taɓa aikinka. Faɗi abin da kake so daga gare shi ƙarara: karanta babi biyu, halartar taron gabatar da tsarin bincike, da watan da kake sa ran kare kundin. Sanya babban malaminka cikin waɗanda za su ga saƙon. Haɗa taƙaitaccen bayani shafi biyu, ba shafi tamanin ba. Saƙon murya a WhatsApp da tsakar dare kuwa, ko kusa.

In mako biyu ya wuce shiru, tambayi sakataren sashe ranar da malamin yake zama a ofis, ka je da takardar a hannu. Kada ka taso daga Agege ko Alaba Rago da asuba bisa tsammani. Kada ka riƙo tsaraba, kada ka yi kamun ƙafa da wani babba. Malamin da ya karɓe ka don kunya shi ne wanda babinka zai yi ƙura a teburinsa.

In ya ce a'a, yi godiya, ka tambaye shi wa zai nuna maka. In ya ce i, to maganar baki ba ta shiga fayil. A makon nan ka tura masa imel na tabbatarwa, ka sanar da babban malaminka, a cike takardar sashe sabon malamin ya sa hannu, shugaban sashe ma ya sa. Ka riƙe kwafi guda a wurinka, ka koma bayan mako biyu ka tabbatar takardar ta bar teburin sakatare.