Tarko da lissafi a darar waya

Na koyi dara ne a gindin wata dalbejiya a Tudun Wada, inda dattawa ke haƙa gurabu 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12. A can rabin wasan a fuska yake, domin gwani yakan yi tsaki da gangan don abokin karawarsa ya zaci ya yi kuskure. Da na koma buga chess, wato darar Turawa, a manhajar Lichess, wadda wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya kafa a 2010, sai na tarar babu fuskar da zan karanta, agogo kaɗai ke ba ni labarin halin da abokin karawata yake ciki.

A wasan minti 3, idan na miƙa doki cikin daƙiƙa guda kamar hannuna ne ya zame, sau da yawa mutum yakan cafke ba tare da nazari ba, ya faɗa tarko. Na shafe watanni ina cin wasa da wannan dabara, da kuma harin nan na taku 4 da sarauniya ke kai wa gidan f7, kusa da sarkin abokin karawa. Amma da makin ƙwarewata a manhajar ya haura, sai na fara gamuwa da waɗanda ba sa ruɗuwa. Su kan tsare gidan, su yi ta korar sarauniyata suna fito da 'ya'yansu, kafin in ankara dara ta ci gida.

Tarihin Mikhail Tal, gwanin chess ɗan birnin Riga na ƙasar Latvia, shi ne ya gyara mini tunani. Ya karɓe kambun duniya daga hannun Mikhail Botvinnik a 1960 yana ɗan shekara 23, kuma ya shahara da sadaukar da 'ya'ya don ya rikita lissafin abokin karawa. Sai dai sadaukarwar tasa tana da tushe, domin ko da masu nazari sun gano makarinta daga baya, gano shi a kan allo agogo na tafiya jan aiki ne. Botvinnik ya koma ya yi shiri, ya riƙa jan wasa zuwa inda babu hargitsi, ya ƙwato kambunsa a 1961, kodayake rashin lafiyar Tal ma ta taimaka.

Tun daga nan, kafin in ɗana tarko nakan tambayi kaina abin da zai rage mini idan an gano shi. In takun zai ci gaba da amfani, na yi shi. In kuwa rayuwarsa ta dogara ga gafalar wani, na bar shi, sai fa idan wasan ya riga ya lalace mini, inda ruɗani ne kaɗai mafita.

Daren jiya a Kawo, wuta a ɗauke, na hango irin tsohon tarkon dokin nan a taku na 14. Na ƙyale shi, na matsar da sarkina wurin tsira, muka ja wasan har muka tashi canjaras, saura daƙiƙa 6 a agogona.