Inda muka kai kan zaɓen injin yanka fulawud mai teburi mai zamewa

'Yan'uwa masu koyo, an gama auna shago da duba wuta, saura zaɓen inji. Ga abin da awon ya nuna.

Fallen fulawud ko MDF (allon da ake yi da garin katako da aka matse) yana zuwa ne milimita 1220 a faɗi, 2440 a tsawo. Don haka teburin da ke zamewa milimita 1600 kawai zai yanka falle ta faɗi, amma ba zai tsaga shi ta tsawo ba. Mai 2600 ya isa. Mai 3200 shi dillalai suka fi tallatawa, sai dai yana cin fili kusan mita bakwai, domin teburin yana tafiya gaba yana komawa baya. Shagon da bai kai haka ba, kuɗin ƙarin tsawon ya tafi a banza.

Sai wuta. Manyan injinan suna da moto mai kilowat 4 ko 5.5, kuma wuta mai layi uku suke sha, bolt 400. Wanda layi ɗaya gare shi ya tsaya kan kilowat 2.2 zuwa 3, ya isa fallen milimita 18. Moto yana jan wuta ninkin ba ninki lokacin tashi, shi ya sa janaretan da ƙarfinsa ya yi daidai da na moton yake shaƙewa da an kunna. In injin wanda aka taɓa aiki da shi ne, a karanta allon jikin moton: wanda aka ƙera wa Amurka na 60 Hz ne (wato bugun wuta 60 a daƙiƙa), a wutarmu ta 50 gudunsa zai ragu.

Teburin shi ne injin, ba fenti ko sunan kamfani ba. Altendorf na Jamus, da suka fito da wannan tsari tun 1906, da SCM na Italiya, ko tsoho ne kuɗinsa da nauyi. Na Sin sun fi araha, kuma a cikinsu akwai na kirki akwai tarkace. A ja teburin har ƙarshe, a kama bakinsa a girgiza hagu da dama. In ya yi motsi ko ana jin gargada a tafin hannu, layin da teburin ke zamewa a kai ko boris ya cinye, kuma gyaran nan yakan lashe rangwamen da aka samu.

Daga nan a nemi a yi gwajin yanka biyar, don a ga ko injin yana fitar da kusurwa daidai. A samo falle kamar santimita 60 kowane gefe, a yanke gefe ɗaya, a juya wanda aka yanke ya jingina da sandar jagora, wato sandar kan teburi da ake jingina falle, a sake yanka, har sau huɗu. Na biyar a fitar da siririn tsinke, a auna faɗin kansa da na gindinsa. Bambancin a raba huɗu, shi ne karkatar sandar. Karkata ba laifi ba ce in akwai notin saiti. Abin gudu shi ne a maimaita a sami wani awo dabam.

Mai aikin kabad da falle mai rufin melamin (siririn rufi mai tauri da santsi) kada ya sayi inji marar ƙaramin zarton gaba. Faɗinsa milimita 120 ne, yana juyawa saɓanin babban, yana tsaga rufin ƙasa da zurfin milimita ɗaya zuwa biyu kafin babban ya iso. In babu shi, bakin yanka zai fito a gutsure kamar ɓera ya ci. Dole faɗin tsagarsa ya ɗan ɗara milimita 3.2 na babban, kuma su hau layi ɗaya.

Zarton da ke zuwa da inji mai araha yawanci na cika kwali ne. A ware kuɗin mai faɗin milimita 300, ramin tsakiya milimita 30, haƙora 96 don melamin, da wani mai haƙora 24 zuwa 28 don tsaga katako. Ƙarfen da ke tsaye bayan zarto kuwa, wanda wasu ke cirewa wai yana tare musu aiki, shi ke hana katako matse zarto ya dawo wa mutum a ciki. In ba ya jiki, a sa mai sayarwa ya nemo kafin a biya.

Mako mai zuwa za a daidaita injin a kan daɓen siminti, a haɗa tiyon zuƙe ƙura.