Yadda sha-raɓata ta riƙa ɗaurewa bayan na warke daga targaɗe

Mako bakwai na yi ban fita gudun motsa jiki ba, tun ranar da santsi ya kwashe ni a bakin kwata kusa da gidanmu a Birnin Kebbi, na yi targaɗe a idon sawun dama. Da kumburi ya saɓe, ɗingishi ya tafi, sai na ɗauka komai ya koma daidai, na ɗaura takalmi bayan sallar asuba na nufi filin wasa na Haliru Abdu da niyyar yin kilomita 5 da na saba. Ban cika na biyu ba sha-raɓata ta ɗaure tamau, naman ya dunƙule kamar an cusa dutse a ƙarƙashin fata, dole na zauna daɓas a ƙasa. Wani dattijo da ke tattaki ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, miƙe gwiwar, ka kamo yatsunka ka jawo su wajen ƙwauri, kada ka saki." Ba a yi minti ɗaya ba ta sake ni.

Duk wanda na ba labari sai ya ce rashin ruwa ne, kuma ban ga laifinsu ba, domin a watan Afrilu zafin garin nan yakan haura digiri 40, gumi kuma yana fita da gishirin jiki. Na dage da shan ruwa, na haɗa da kankana da ayaba, amma ɗaurewar ba ta fasa dawowa ba, kullum a ƙafar dama, kullum kusan a zango ɗaya. Da ƙishirwa ce kaɗai, me ya sa ta hagu ba ta taɓa yi ba?

Likitan gashin ƙashi ne ya warware mini. Ya sa na dafa bango, na tsaya da ƙafa ɗaya ina ɗaga dunduniya ina saukewa. Ta hagu ta yi 20 ba tare da wahala ba, ta dama kuwa tun a na 7 ta fara makyarkyata. Ya bayyana mini cewa manyan tsokoki biyu ne a sha-raɓa, ɗaya a sama wadda ta tsallake gwiwa, ɗaya kwance a ƙarƙashinta, dukansu sun haɗu a agara, kuma su ne ke cilla jiki gaba a kowane taki. Zaman jinya yana rage musu ƙarfi, tsokar da ta gaji kuwa ita ce jijiyoyi ke sa ta ɗaure ba da son mai ita ba. "Malam, zuciyarka ce ta warke kafin ƙafarka," in ji shi.

Ya ja kunnena a kan abu guda: idan sha-raɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ciwon kuma ya ƙi tafiya ko ana zaune, musamman bayan doguwar kwanciya ko ɗori, kada a yi tausa, a garzaya asibiti, domin yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya.

Yanzu gudun minti 1 nake yi, tafiyar minti 2, ina tsallake kwana ɗaya a tsakani, da dare kuma ina ɗaga dunduniya a kan dakalin ƙofar gida, yara na kallona suna dariya. Jiya ƙafar dama ta kai 15.